Kafin a raba akwatin Malama

Idan malama mai waƙa ta rasu a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. A yi mata sutura, maza su kai ta makwancinta, mata su cika tsakar gida har bakin zaure. Ɗalibanta na shekara talatin da arba'in su zo daga unguwanni da ƙauyuka, wasu ma daga Kusiri ko Injamena. A gefen tabarma wata tsohuwa ta ɗauko baiti guda daga waƙar wa'azin da marigayiya ta koya musu, murya na rawa, sauran su amsa, a sake fashewa da kuka. Bayan kwana uku taro ya ragu, bayan bakwai ya watse. Ranar arba'in a yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, a dafa shinkafa, a raba masa da goro. Akwatinta na ƙarfe kuwa yana nan ƙarƙashin gado, ba wanda zai taɓa shi sai ranar da aka zo rabon gado, a buɗe a ga takardu ne, babban ɗa ya ɗebi rabi don albarka, 'yar da ke aure a wani gari ta ɗebi kashi, abin da ya rage a mayar a rufe.

Ba na cikin masu jayayya a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Malamai sun yi ta wannan muhawara, kowa ya bi wanda ya gamsu da shi. Abin da nake cewa shi ne, mace da ta ƙare rayuwarta tana tsara baitoci tana karantar da mata, haƙƙinta a kan ɗalibanta ya wuce tukunyar shinkafa. Hadisin da kowa ya haddace ya ambaci abu uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, ɗaya daga ciki ilimi ne da ake amfana da shi. Waƙoƙinta su ne wannan ilimi, kuma a 'yan makonnin nan na farko, kafin taro ya watse kuma kafin a raba akwati, ake tsare su ko a rasa su.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, wato mata masu jagorantar karatu, ta ba su malfa suna kai karatu ga matan ƙauye, 'yan taru. Abu biyu ya sa har yau ake karanta ta. Takardunta sun zauna wuri guda a gidan Waziri a Sakkwato, zuriyar mijinta Gidado, ba a yayyaga su tsakanin jikoki ba, har Waziri Junaidu ya buɗe su ga mai bincike Jean Boyd, wadda ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukan a 1997. Na biyu, da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'yan taru, don haka waƙoƙin ba su bar bakin mata ba. Malamarmu ta Hausare, wato unguwar Hausawa, ba 'yar Shehu ba ce, ba ta da gidan Waziri a bayanta. Ɗalibanta ne kawai za su tsaya mata a wannan matsayi.

Kuskuren farko da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne su fara da takarda. Takarda tana iya jiran wata shida idan ta sami wuri busasshe. Tsohuwa mai shekara saba'in da biyar ba ta da wannan alkawari. Ban da haka, abin da ke kan takarda kalmomi ne kawai. Karin muryar da ake rera waƙar da shi, inda ake jan numfashi, inda amshi ke shigowa, duk suna ƙirjin mata ne. Akwai kuma waƙoƙin da Malama ba ta taɓa rubutawa ba, musamman gajeru na koyar da alwala da wankan janaba da hukuncin haila, waɗanda take jefawa a tsakiyar karatu don su zauna wa ɗaliba. Saboda haka da murya za a fara.

A kwanakin ta'aziyya ba a fito da waya a ce wa mai kuka ta rera. Rashin kunya ne. Aikin waɗannan kwanaki littafin rubutu ne guda da biro a hannun ɗaliba ɗaya mai natsuwa. Duk wadda ta zo gaisuwa daga cikin tsofaffin ɗalibai a rubuta sunanta, unguwarta, wayar ɗanta ko jikanta, shekarun da ta yi gaban Malama, da farkon duk waƙar da ta ce ta iya. Farkon baiti ake rubutawa, don yawancin waƙoƙin nan ba su da suna, wannan ta ce "ta lahira", waccan ta ce "ta kabari", alhali abu guda suke nufi, ko kuma suna guda waƙa biyu. Ba za a sake samun matan nan a tabarma ɗaya ba, wanda ya bari suka watse zai yi shekara yana neman rabinsu.

Bayan bakwai sai a fara bin su gida-gida, mafi tsufa da marasa lafiya a gaba. Wayar hannu ta isa, in an san yadda za a yi da ita. A sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗauka. A ɗora ta kan matashi ko zane naɗaɗɗe, kimanin taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya daga bakin mai rerawa, kada a riƙe a hannu, motsin yatsu yana shiga. A kashe fanka. Wannan ne ya sa a Garwa, a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, aikin na safe ne, da hantsi, yara sun tafi makaranta, injin niƙa na maƙwabta bai tashi ba. Rabin awa ya isa wa tsohuwa a zama guda. Kada a ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya zubar da rabin daɗinsa. A nemi manhajar ɗaukar murya mai ajiyewa a tsarin WAV. Awa guda a wannan tsari tana cin megabait ɗari uku da 'yan kai, wato katin gigabait 32 zai ɗauki kusan awa ɗari, ya fi ƙarfin abin da za a tara.

Kafin ta fara, mai ɗauka ta faɗi ranar da garin da sunan mai rerawa da bakinta, a cikin ɗaukar. Sannan ta tambaya: "Goggo, wannan daga bakin Malama kika ji ta, ko wata ce ta biya miki? Kafin aurenki ne ko bayan haihuwar fari?" Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, amma suna riƙe ta da aure da haihuwa da shekarar yunwa da zamanin wane lamiɗo, daga nan ake lissafo ta. A kuma nemi izninta a cikin ɗaukar: wa ta yarda ya ji muryarta? Masu cewa muryar mace ba ta fita waje suna da malamansu, masu cewa ba laifi suna da nasu. Ba sai an warware wannan ba kafin a yi aikin. Idan ta ce mata kawai, to mata kawai, a rubuta a jikin fayil ɗin, kada wani jika ya ɗora a Facebook ko TikTok don neman masu dannawa. Sau ɗaya aka ci wannan amana, sauran tsofaffin za su rufe baki, kuma suna da gaskiya.

Abu mafi wuya ga mai ɗauka shi ne ta yi shiru. Za ta ji Goggo ta tsallake baiti, ko ta sa wata kalma inda ita ta san wata, bakinta zai yi ƙaiƙayi. Kada ta gyara. Malama ta yi shekara arba'in tana karantarwa, waƙar da ta koya wa 'yan farko ba lallai ta zama daidai da wadda ta koya wa 'yan baya ba, ta yiwu ita da kanta ta sauya. Wannan bambanci shi ne tarihin waƙar. Dalilin ke nan da ake ɗaukar kowace ita kaɗai tukuna. Idan aka tara su tun farko, mai babbar murya ko matar mai kuɗi za ta ja, sauran su bi ta, abin da ke ƙirjin mai kunya ya tafi ke nan. Sai an gama da ɗaiɗaiku sannan a tara su rana guda don a sami amshi da yadda waƙar ke tashi a taro.

Wayar marigayiya ita ma takarda ce a yanzu. Malamai mata da yawa a 'yan shekarun nan suna aika baitoci da amsar tambayoyi ta saƙon murya. Al'adar gida ita ce a miƙa wayar ga wani jika, shi kuwa abin da zai fara yi shi ne ya goge komai. A ɓoye ta. WhatsApp kan rufe asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a hau ba, kamfanin waya ma yakan karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, don haka a kwashe muryoyin zuwa kwamfuta tun kafin arba'in. Kaset ɗin da aka ɗauka a maulidi ko walimar sauka a shekarun baya kada a jefa shi cikin tsohuwar rediyon da ta shekara goma a ajiye, robar cikinta ta saki, za ta tauna zaren. A fara ɓalle 'yan haƙoran nan na saman kaset don kada a danna ɗauka bisa kuskure, a juya zaren da biro daga farko zuwa ƙarshe a ga ko ya manne, a duba ɗan auduga da ke ƙarƙashin zaren ko yana nan. A kunna sau ɗaya a na'ura mai lafiya da wutar da ba ta rawa, a ɗauka ta igiya kai tsaye. Batir mai rauni yana rage gudu, sai a mayar da waƙar bege ta zama kamar ta makoki, na baya su ɗauka haka Malama ke yi.

Sai akwati. Doka ta farko: kada a jera. Hannu yana son ya ware manya da ƙanana, masu tsabta da masu datti, amma yadda Malama ta bar su yana da ma'ana, ko da ba a gane ta ranar farko ba. Takardun ajami warwara ne, ba ɗinki, ana haɗa su cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka. Galibi ba lambar shafi. Abin da ke nuna bi-da-bi shi ne kalmar nan guda da marubuci ke sawa a ƙasan shafi ta gefen hagu, wadda ita ce farkon shafin da ke biye. A nan ne ɓarnar rabon gado take fitowa fili: idan babban ɗa ya ɗebi ganye ashirin daga tsakiya ya tafi da su Yawunde, ba kashi ɗaya cikin uku na waƙa aka rasa ba, an kashe waƙa uku ko huɗu ne, kowace ta rasa kai ko wutsiya.

A ɗauki hoton kowane ganye gaba da baya yadda aka same shi, har wanda ba rubutu. Mutum biyu ake so, ɗaya na juyawa, ɗaya na ɗauka. A shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa mai haske, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, ba cikin rana ba, ba da walƙiyar waya ba. Wayar ta tsaya sambal a saman takarda, in an karkata layukan ƙasa za su fi na sama girma. A ajiye abin awo na 'yan makaranta a gefe, da 'yar takarda mai lamba, ɗaya, biyu, uku, kusa da ganyen, ba a kansa ba. Gefen shafi ya shiga hoton duka, don a nan Malama ke rubuta gyara da fassarar kalma mai wuya. Hannu a wanke da sabulu ya bushe sarai, ba mai, ba turare, ba ɗanyen lalle. Idan za a tura hotunan ta WhatsApp a tura su a matsayin fayil, in aka tura a matsayin hoto zai rage su har ɗigon fa da na ƙaf su gagara rabewa, alhali a rubutunmu na Warshu ɗigo guda ne a ƙasa ga fa, guda a sama ga ƙaf.

Wani abu da ƙauna ke jawowa shi ne a jingina wa Malama duk abin da aka samu a akwatinta. Ba haka ba ne. Akwatin kowace malama a ƙasar nan cike yake da abin da ta kwafa: Ishiriniya, Ahalari, Ishmawi, waƙoƙin Shehu da na Nana Asma'u, na malaman Adamawa da Fulatanci, da na malaminta. Sunan da ke bayan "tammat", wato ta ƙare, a ƙarshe sau da yawa na mai kwafa ne. A duba baitocin ƙarshe, inda mawaƙa kan ambaci sunansu ko na mahaifinsu su nemi addu'a. A duba inda aka soke kalma aka sa wata mai daidai da kari da hannu ɗaya, mai kwafa ba ya yin haka, mai tsarawa ke yi. Sannan a kai wa malami ko malama biyu masu yawan hadda su saurara. Abin da aka tabbatar a rubuta nata ne, abin da ake shakka a rubuta ana shakka. Buga waƙar wani da sunanta ba girmamawa ba ce, ranar da wani masani ya gano, har nata na gaskiya zai shiga zargi.

Ramzi ma yana da tarko. Mawaƙan ajami kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma guda a baitin ƙarshe, a lissafa haruffanta. Lissafin da malamanmu ke bi na Magariba ne, ba na Gabas ba. A namu shin dubu ne, a nasu ɗari uku. Kalmar da ta ƙunshi shin da ta da ba, a lissafinmu 1000 da 400 da 2 ne, wato 1402 ta Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1981 da 1982. Yaron da ya ɗauko jadawali daga intanet zai sami 702, ya ce waƙar ta girmi Shehu da ƙarni huɗu da rabi.

Maƙiyan takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, asu, kyankyaso, ɓera, da ruwa. Amma wanda ya fi su ɓarna a yanzu shi ne mai shagon kwafi da zai ce a kawo ya manne su cikin roba da zafi don su daɗe. Kada a yarda. Zafi da gam suna shiga jikin takarda, ba a sake fito da ita, kuma in danshi ya shiga ta gefe a ciki za ta ruɓe ana kallo. Haka salatif: bayan 'yan shekaru robar ta faɗi, gam ya bar tabo ruwan ƙasa a kan layin da aka so ceta. Ganyen da ya yage a sa shi cikin farar takarda naɗe biyu a bar shi. Leda tana tara gumi da damina, ita ma a guje ta. A naɗe kowane tadarishi da farin ƙyallen auduga da aka wanke aka fitar da sitacinsa, don sitaci abincin ƙwari ne. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle shi a ƙyalle daban a ajiye a kusurwar akwati, kada ya taɓa rubutu, maganin feshi kuwa ko kusa.

Akwatin ƙarfe yana da kyau, yana tare ɓera da gara, sai dai a kan siminti yana gumi ta ƙasa. A ɗaga shi aƙalla zuwa ƙugu, a janye shi daga bango kamar tafin hannu, don ta bango gara ke hawa. Mutanen Yagwa da Kusiri da Injamena da suka ga ambaliyar da kogunan Logon da Shari suka yi a 2022 da 2024 ba sa bukatar a yi musu bayanin ƙarƙashin gado. Tawadar gargajiya baƙin tukunya ko gawayi ne da ƙaro, shi ya sa ake wanke allo a sha, kuma shi ya sa ruwan awa guda ke share aikin shekara ashirin. In ƙaddara ta faɗa takardu suka jiƙe, kada a shanya a rana, kada a ɓamɓare waɗanda suka manne. A baje su a inuwa mai iska, a sa farar takarda tsakanin waɗanda suka rabu da kansu ana sauyawa, kuma a yi da sauri, don cikin kwana biyu zuwa uku fumfuna take kamawa. Littattafan rubutu na 'yan makaranta da Malama ta koma amfani da su daga baya sun fi tsofaffin takardu saurin lalacewa: ƙarfen tsakiya yana tsatsa ya ci takarda, a zare shi a hankali. A buɗe akwati sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan ɗaukewarsa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an daidaita da magada, kuma a nan ɗalibai kan yi kuskuren ɗaga murya. Takardun nan dukiya ce, haƙƙin magada ne a shari'a, ɗaliba ko ta shekara hamsin ba ta da ganye ɗaya a ciki. Ko Malama ta yi wasiyya, ba ta wuce sulusi. In ta ce da baki "na bar wa makaranta" amma ba a karɓa ba har ta kwanta ciwon ajali, a Malikiyya wannan kyauta ba ta cika ba. Hanyar ita ce lallashi. A je wa babban ɗa ko mijinta da dattijuwa guda da limamin unguwa: "Alhaji, ba mun zo karɓar komai ba ne. Roƙo muke a bar su wuri guda a gidan nan, mabuɗi a hannunku, kowane magaji a ba shi hoton duka." Mutumin da aka ba cikakken kwafi ya fi wanda ya tafi da ganye ashirin marasa kai samun albarka, kuma yawanci in an faɗa masa haka yana ganewa. Idan manyan magada sun yarda su mayar da kasonsu waƙafi, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a kai gaban alƙalin fadar lamiɗo ko limamin Juma'a. In akwai maraya ƙarami a cikinsu, ba mai ikon kyautar da kasonsa. A yi wa takardun kima a biya shi. Kuɗin rumfa da lasifikar arba'in, da ɗalibai ke haɗawa ba tare da an roƙe su ba, a nan ya fi amfani.

Takardar waƙafin ta faɗi wanda ke riƙe mabuɗi, wanda zai gaje shi, da cewa asali ba ya fita gida. Aro shi ne kabarin littafi a ƙasar nan. Mai bincike daga jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ya zo, marhaba, a ba shi tabarma da hoto, ya yi aikinsa, ya bar kwafin abin da ya rubuta. Akwai ma shirin ɗakin karatu na Birtaniya da ke tallafa wa ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke cikin haɗari, asali ya zauna a ƙasarsa, sai dai su suna ɗora hotunan a intanet, don haka sai magada sun san da wannan sun yarda. Kafin kowane baƙo ya gani, mace biyu amintattu su ware abin da ba na jama'a ba ne. Akwatin malama ba ya rasa laƙani da hatimi, da wasiƙun matan da suka kawo kukan aurensu, da lissafin bashi. Waɗannan na iyali ne.

Hotuna da muryoyi a yi musu kwafi uku a gida uku, ɗaya a wani gari daban. Katin waya da filashi ba ma'ajiyar dindindin ba ne, suna mutuwa ba sallama, kuma kasuwa cike take da na jabu masu nuna girman da ba su da shi. A gwada kowanne ta hanyar cika shi a sake buɗe fayilolin, a kuma sabunta kwafi duk shekara biyu ko uku.

Mayar da waƙoƙin zuwa boko yana da amfani, don 'yan mata da yawa yanzu ba sa karanta ajami da sauri. Amma a nan Kamaru da Chadi muna da matsalar da Kano ba ta da ita. Yaranmu da Faransanci suka yi makaranta, sai su rubuta "ou" a wurin u, "tch" a wurin c, "dj" a wurin j, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu ita sam. Kafa da ƙafa su zama ɗaya, gaba da gaɓa su zama ɗaya. A nemi wanda ya iya daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, ya zauna da mai karanta ajami da mai rerawa, su uku. Ko an yi daidai, boko ba ya nuna tsawon wasali, ajami kuwa yana nunawa, kuma a kan dogo da gajere karin waƙa ke tafiya. Don haka a littafin da za a buga, hoton ajami ya zauna a shafi ɗaya, boko a mai kallonsa. Kada kuma mai juyawa ya "gyara" mata harshe. In ta sa kalmar Fulatanci a tsakiyar ɗango, ko Larabcin Shuwa ga ta Injamena, ko ta faɗi abu yadda Hausawan Garwa ke faɗa ba yadda rediyo ke faɗa ba, haka za a bari, a yi bayani a ƙasan shafi. Sau da yawa wannan kalmar ce ke riƙe da amsa-amon baitin, in an cire ta tsarin baitin ya rushe.

Saura zaman karatu. Yawanci makarantar Malama a ɗakinta take ko a rumfar tsakar gidanta, kuma gidan yanzu na magada ne, ta yiwu a sa haya ko a sayar. Ɗalibai su yanke shawara tun kafin arba'in: ina za a koma, wace rana, wa zai zauna a buzu. Nan ake samun saɓani, don wadda ta fi ilimi ba lallai ita ce ta fi hadda ba, kuma 'yar Malama ta cikinta tana iya ganin ita ta fi cancanta ko da ba ta zauna karatu ba. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne a raba aikin: mai ilimi ta riƙe littattafan fiƙihu, mai hadda ta riƙe waƙa, 'yar gida ta riƙe mabuɗi da karɓar baƙi. A ajiye ranar da Malama ta saba, in Alhamis ce Alhamis, in bayan la'asar ne bayan la'asar, don mazan da suka saba barin matansu su fita a wannan lokaci ba sai an sake neman izninsu ba. Kowane zama a rufe shi da baiti biyar daga waƙa guda, a bi ta har ta ƙare kafin a ɗauki wata, kuma kowace tsohuwa ta zo da jikanya ɗaya ta zauna kusa da ita.